Wa zai duba masu ciwon ƙwaƙwalwa a asibitin unguwa?

Mushe_Haruna_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana cin raina, ina fatan masu aikin lafiya da ke cikinmu za su ba mu haske. Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi kusan wata bakwai yana fama da ciwon kai da zafin ƙirji da rashin barci, har ya daina fita shagonsa na ɗinki, alhali mutum ne da ko ranar Juma'a sai an yi da gaske yake rufe shago. Sau huɗu na kai shi wani asibitin unguwa a nan Maraɗi, kowane zuwa sai a huda masa yatsa a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a ce babu, a rubuta masa farasitamol da maganin ƙarin jini, mu dawo gida. A zuwa na biyar muka dace da wani likita wanda ya ce in fita in ba su wuri, ya rufe ƙofa, ya zauna da shi kusan rabin awa. Daga baya ƙanen nawa ya gaya mini cewa an tambaye shi ko har yanzu yana jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, ko yana ganin ya zama kaya ga iyalinsa, ko kuma ya taɓa tunanin gara ma ya mutu ya huta. Ya ce tun da ciwon ya fara babu wanda ya taɓa yi masa irin waɗannan tambayoyi, har da ni da nake kai shi.

Likitan ya ce ciwon damuwa ne, ya kuma gaya mana cewa shi likitan gama-gari ne, horo ya samu na ƴan kwanaki a kan wannan fanni. A ganina, idan aka ba kowane likitan da ke duba iyalai irin wannan horo, an gama rabin aikin, domin mutanenmu ba za su iya yin tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai don ganin ƙwararre ba. To amma wani abokina ya ce wannan wasa da rai ne, wai horon kwana biyar ko shida bai isa a damƙa wa mutum ƙwaƙwalwar jama'a ba. Me kuke gani?

Dokta_Sani_M:
Wa alaikumus salam, Mushe. Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya. Abin da likitan nan ya yi yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙaddamar da wani shiri mai suna mhGAP a 2008, ta fitar da littafin jagoransa a 2010, aka sabunta shi a 2016, kuma an rubuta shi ne musamman domin ma'aikacin lafiya wanda ba ƙwararre ba ne a fannin ƙwaƙwalwa. Littafin ya zaɓi cututtukan da suka fi yawa ko suka fi haɗari: ciwon damuwa, taɓin hankali irin wanda mutum ke jin muryoyi ko zargin ana binsa, farfaɗiya, ruɗewar tsufa, shaye-shaye, matsalolin yara da matasa, da yunƙurin kashe kai. A kan kowanne yana nuna maka tambayar da za ka yi, abin da za ka duba a jiki, maganin da za ka fara da shi, da kuma lokacin da dole ka tura mara lafiya gaba. A ciwon damuwa, misali, ana neman a ji ko mutum ya yi aƙalla mako biyu cikin ɓacin rai ko rashin sha'awar komai, har abin ya hana shi harkokinsa. Tambayar nan ta mutuwa da ta ba ka mamaki tana cikin ƙa'ida, kuma yin ta ba ya sa wa mutum tunanin da ba shi da shi; sau da yawa ma sauƙi mutum yake ji da aka buɗe masa ƙofar magana.

Majo_Rabi:
Dokta, ranka ya daɗe, ban ƙi bayaninka ba, amma akwai gyara a tambayar Mushe tun daga tushe. Ana ta cewa likitan iyali, alhali a ƙasar nan yawancin iyalai ba su da wani likita da ya san su. Wanda ya san su shi ne majo, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da CSI, cibiyar lafiya ta matakin farko, da ungozoma, da ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye. Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da CSI a karkara, kuma likita sai a asibitin gunduma ake samunsa, tafiyar da sai an hau amalanke kafin a kai bakin titi. Idan likitoci kaɗai aka horar, to mutanen birni aka yi wa aiki.

Sannan ku dubi lokaci. Daga Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da zazzaɓi ya yi ƙamari, kafin in idar da sallar asuba mata sun cika rumfa da yara a goye, wasu suna sanƙarewa. Rabin awan da aka ba ƙanen Mushe, ni a wannan lokaci yara shida zan duba a cikinsa. Kuma ɗakin da nake dubawa labule ne ya raba shi da masu jira. Matar da ta zo tare da uwar mijinta ba za ta taɓa ce mini zaman gidan ne ya ishe ta ba. Za ta ce jiri take ji, in rubuta mata magani, mu rabu kowa ya san ba a faɗi gaskiya ba.

Alhaji_Ɗan_Kantin_Kwari:
Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma na ga duniya. Akwai ciwon da na asibiti ne, akwai wanda ba na asibiti ba. Wanda iska ta taɓa ko aka yi masa sammu, ko allura ɗari za a yi masa ba za ta fitar da abin da ke jikinsa ba. Kada a ce don an ba majo littafi sai mu bar malamanmu.

Malam_Lawali_Zariya:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ban ga wanda ya ce a bar malamai ba. Ni ina yin ruƙiya, kuma a cikin waɗanda ake kawo mini akwai da dama da nake gaya wa danginsu su wuce asibiti tare da addu'ar da muke yi. Ya tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma bai ware ƙwaƙwalwa daga cikin jiki ba. Abin da nake ƙi, kuma nake faɗa a kan mumbari, shi ne dukan mara lafiya da bulala da sunan dukan aljani, da sa masa mari a ƙafa har fata ta saɓule, da turnuƙe shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki. Na taɓa zuwa wani gida na tarar da saurayi ɗaure a gindin bedi, an aje masa kwanon fura nesa da inda hannunsa zai kai don kada ya fasa kwanon. Iyayensa ba mugaye ba ne, dabara ce ta ƙare musu. Da a ce akwai majo a kusa da ya san allurar da za ta kwantar da shi, da ba a kai ga igiya ba.

Hajiya_Mai_Farmasi:
Duk kuna maganar horo, ni kuwa ina so a yi maganar abin da ke kan kantar magani. An horar da ma'aikaci, ya gane ciwo, ya rubuta takarda, sai mara lafiya ya je ɗakin magani na CSI a ce babu. Magungunan farko na wannan fanni tsofaffi ne kuma ba su da tsada: amitiriftilin, halofiridol, kulorfuromazin da aka fi sani da Largactil, da fenobarbital da mutane ke kira Gardénal. Matsalarsu ita ce yankewa. Maganin zazzaɓi kwana uku ne an gama, amma mai farfaɗiya shekaru zai yi yana sha kullum, kuma ba a ma fara tunanin rage masa sai ya yi shekara biyu bai faɗi ba. Idan aka ɗora shi a kan fenobarbital, ya saba, sannan maganin ya yanke kwatsam, faɗuwar da za ta dawo tana iya fin ta da muni, har ta kai ga wadda ba ta tsayawa. Saboda haka fara ba mutum magani ba tare da tabbacin na wata mai zuwa ba, ni a wurina ganganci ne.

Akwai kuma ɗaya gefen. Diyazefam da Artane, waɗanda su ma magungunan wannan fanni ne, duk suna da masu nemansu a bayan fage, kuma idan aka watsa su a kowane ƙauye babu rajista mai tsauri, za mu tarar da su a faranti a kasuwa tare da tiramol.

Ibro_Kabu_Kabu:
Hajiya ta taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. A tashar da nake aiki na san matasa da ba sa iya hawa babur sai sun haɗiyi tiramol, kuma na ga biyu sun faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya alhali ba su da ita a da. A fada, wato majalisar da matasa ke zaman hira, muna ganin abin kullum, amma babu wanda ya san inda za a kai mutum idan ya ce yana so ya daina. In ka kai shi wurin hukuma kamu ne, in ka kai shi gida duka ne.

Dokta_Sani_M:
Malam Ibro, abin da ka gani gaskiya ne, tiramol mai yawa yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma shaye-shaye na cikin abin da ake koyarwa a horon. Amma bari in koma ga tsoron abokin Mushe, domin yana da hujja, kuma ni na ga inda ƙaramin sani ya zama ƙuƙumi. Haɗari na farko shi ne a ɗauki ruɗewar zazzaɓi a matsayin hauka. Mutumin da ya kwana lafiya ya wayi gari yana sambatu, bai san inda yake ba, jikinsa da zafi, to a fara neman zazzaɓin da ya hau kai, ko sanƙarau, ko faɗuwar sukari a jini, musamman a yankinmu da sanƙarau ke zuwa da rani. Idan aka yi masa allurar kwantar da hankali aka sallame shi, ana iya rasa shi a daren. Na biyu, halofiridol kan sa wuyan wasu ya karkace, harshe ya fito, idanu su kakkafe sama, galibi a kwanakin farko. Abu ne da ake warwarewa da magani cikin ɗan lokaci, amma idan ba a gargaɗi dangi tun farko ba, suna ganin haka za su ce ga shi nan aljanin ya ƙi allura, su ɗauke shi, kuma ba za ka sake ganinsu ba. Na uku, maganin farfaɗiya mai suna Dépakine yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka ba a ɗora yarinyar da ke shirin aure a kansa ba tare da dogon tunani ba.

Duk waɗannan suna cikin littafin, sai dai karatu a ɗakin taro daban, mara lafiya a gabanka daban. Abin da ke sa horon ya zauna shi ne ƙwararre ya riƙa zagayowa yana duba rajista tare da kai, ko kuma ya kasance akwai lambar da za ka kira idan ka rikice. Na yarda da Majo Rabi cewa ma'aikatan jinya ne ya kamata a fi ba ƙarfi, likitan gunduma ya zama madogararsu.

Ungozoma_Hadiza:
Ina so in ƙara da ɓangaren mata, domin mu ne muke ganinsu a wurin awo tun ciki yana wata huɗu har a yaye yaro. OMS ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A wurinmu ba a kiransa da suna. Ana cewa mai jego ta cika shiru, ko ba ta son wanka, ko nononta ba shi da kyau. Na daɗe da lura cewa a cikin uwayen da ke dawo da yara da tamowa sau biyu sau uku, akwai waɗanda abinci bai yanke a gidansu ba, uwar ce ta mutu a tsaye, tana riƙe da yaro tana kallon bango. Mu kuwa sai mu auna hannun yaro, mu ba da abincin tamowa, mu yi mata faɗa a kan tsabta. A Pakistan an gwada horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida su riƙa zama da masu ciki da masu jego suna tattaunawa da su bisa tsari, aka buga sakamakon a 2008, ya nuna damuwar ta ragu ƙwarai, har OMS ta mayar da tsarin littafi. Babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Wannan ya dace da mu, tunda Hajiya ta ce kantar magani kan zama wayam.

Ɗalibin_Likita_UDDM:
Gaisuwa ga iyayena da malamaina. Ni ɗalibi ne a sashen kiwon lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma ra'ayina shi ne a daina dogara ga tarurrukan horo na otal, a sa wannan ilimi ya yi nauyi tun a makaranta, a jarraba mu a kansa kamar yadda ake jarraba mu a kan haihuwa da tiyata. Wanda aka horar a taro, bayan shekara ɗaya an yi masa canjin wurin aiki ko ya tafi ƙaro karatu, wanda ya gaje shi kuma bai san komai ba. Kuma mu faɗi gaskiya, wani lokaci wanda ake turawa taron shi ne wanda layin kuɗin zama ya zo kansa, ko da ba ya duba mara lafiya.

Majo_Rabi:
Ɗana, maganarka ta ƙarshe ta yi ɗaci amma ba zan ƙaryata ka ba.

Bakatsine_A_Maraɗi:
Game da saɓanin Alhaji da Malam, akwai abin da aka gwada a maƙwabta. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan uwansu suna zuwa asibiti da rana, kuma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. A baya-bayan nan Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranci bincike a Najeriya da Gana, aka buga a 2020, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke zuwa har wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a suna ba marasa lafiya magani a can, kuma waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. A nan Maraɗi da Tibiri, inda bori ke da tsari da shugabanci a hannun Iya da Inna, ga kuma malaman ruƙiya a kowace unguwa, ban ga dalilin da zai hana majo ya san su, su san shi ba. Su ne ake fara kai wa mara lafiya, ko mun so ko mun ƙi.

Malam_Lawali_Zariya:
Haɗa kai da asibiti na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Zama inuwa ɗaya da masu girka kuwa, wannan wata magana ce da ba zan sa hannu a kanta ba, kuma ba nan ne wurin buɗe ta ba.

Nana_Gidan_Runji:
Ni ina aiki da ƴan gudun hijirar da suka shigo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, waɗanda aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Cadakori. Akwai matar da duk sanda ta ji ƙarar babura da yawa sai ta kwashi yara ta shige gona, ko da rana tsaka ne, kuma ta fi shekara tana karɓar maganin ciwon ciki kafin wani ya tambaye ta abin da ta gani a daren da suka gudo. Inda ƙungiyoyin agaji suke ana samun mai sauraron irin waɗannan, amma aikin ƙungiya yana da ranar ƙarewa, CSI kuwa tana nan. Shi ya sa nake goyon bayan Mushe. Game da ƙarancin lokaci da Majo ta ambata, a Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, ma'aikacin jinya ya ji da masu buƙatar magani. Muna da tsofaffi masu hankali a kowane gari.

Inna_Ta_Sabon_Gari:
Ƴata Nana, tsofaffi muna da su, amma bakinmu fa? A garin da kowa ya san kakar kowa, yarinyar da aka gani zaune a bencin masu damuwa, kafin la'asar labari ya kai gidan da ke neman aurenta. Jikata tana da farfaɗiya, ga tabon wuta a hannunta tun ranar da ta faɗa murhu, kuma har yau akwai maƙwabtan da ba sa bari ƴaƴansu su ci abinci kwano ɗaya da ita, wai ana ɗauka ta miyau. Ni abin da ya sa nake son a yi maganin a asibitin kowa da kowa shi ne babu wanda zai san abin da ya kai ka. Kana cikin layi ɗaya da mai tari da mai ciwon ƙafa. In aka ware benci ko ɗaki aka rubuta suna a ƙofa, an ɓata abin.

Dokta_Sani_M:
Inna, a gaya wa maƙwabtan nan cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa, kuma kusan mutum 7 cikin 10 masu ita suna iya daina faɗuwa idan suna shan magani daidai. In ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, a janye ta daga wuta, kada a cusa mata cokali a baki.

Mushe_Haruna_Bagalam:
Na gode muku ƙwarai. Na shigo da tunanin horo shi ne rabin aiki, yanzu Hajiya da Majo sun rage mini lissafi. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya, domin sau huɗun nan da aka sallame mu, magani yana nan a farmasin bakin titi, tambayar ce ba a yi ba. Ƙanena ya koma shago tun kafin azumi. Sai dai jiya ya ce mini tunda ya warke zai daina shan ƙwayar, kuma likitan da ya ɗora shi a kai an mayar da shi wani gari. Dokta, ya daina ko ya ci gaba?

Dokta_Sani_M:
Kada ya daina da kansa, Mushe. Ƙa'idar ita ce a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan an ji sauƙi, sannan a rage a hankali a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Ku koma da karnensa, wato ɗan littafinsa na asibiti, inda aka fara duba shi.

Majo_Rabi:
In sun koma, Dokta, wa za su tarar? Mushe, ka duba mana karnen, ka gaya mana ko likitan ya rubuta sunan ciwon da ranar da aka fara maganin, ko kuwa sunan ƙwayar kawai ya sa.